Wa Ke Riƙe da Lissafin Famfunan Kutemeshi?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau shirin namu ya nufi gabashin Birnin Gwari, mazaɓar Kutemeshi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, can ɓangaren su Kuyello da Dogon Dawa.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga, har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, jama'a suka fara komawa ƙauyukan da 'yan bindiga suka raba su da su. Duk wanda ya koma gida kuwa, ruwa zai fara nema. Famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara ba mai taɓa shi da wuya a same shi yadda aka bar shi. Roba ta bushe, bututu ya yi tsatsa. In burtsatsen sola ne, wataƙila ma an kwance faifan an tafi da shi.

To, famfo nawa ne a mazaɓar, nawa ke aiki? Amsa wannan tambaya sana'a ce sukutum. A Ingila da Ostireliya akwai ƙwararrun da ke cin abinci da ita, kamfanonin ruwa da ƙananan hukumomi na ɗaukar su su ba da shawara kan kula da kadarori. Har ƙa'ida ta duniya aka fitar wa aikin a 2014, ISO 55000.

(KIƊA KAƊAN)

Aikin nasu da rajista yake farawa. Kowace rijiyar burtsatse a rubuta inda take, zurfinta, shekarar da aka haƙa ta, irin famfon da ke kanta, da ranar da makanike ya taɓa ta na ƙarshe. Sai a duba wadda mutuwarta za ta fi cutar da jama'a, kamar ta asibiti ko ta makarantar firamare, a sa ta gaba. Daga nan a lissafa abin da za ta ci na gyara a tsawon rayuwarta, a shigar da shi kasafin kuɗi tun ba ta lalace ba. Robar da ba ta kai kuɗin buhun taki ba, in an ƙi canza ta a kan lokaci, ita ke kashe rijiyar da aka haƙa da miliyoyi.

Abin da ya sa wannan rajista ta zama dole a wajenmu shi ne yawan masu haƙa. Hukumar RUWASSA ta jihar Kaduna ta haƙa, ƙaramar hukuma ta haƙa, ɗan majalisa ya kawo aikin mazaɓa, mai hali ya yi sadaka mai gudana. Allah Ya saka wa kowa. Amma ranar da famfo ya tsaya, sai a rasa mai shi, kwamitin ƙauye ya yi ta karo-karo, mata da yara su koma rafi. Wannan abu yana ci mini rai, domin ruwan rafin nan shi ke kawo amai da gudawa.

Ko cikin garin Birnin Gwari, inda hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, ke da madatsar Bagoma, injin tura ruwa da tsofaffin bututu lissafin nan suke buƙata. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, ya kamata kowane shugaban ƙaramar hukuma ya san kadarorin da ke wuyansa.

Matasan Birnin Gwari, ga hanya. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan a Mando, Kaduna, tana horar da ma'aikatan ruwa. Ƙwararre daga Abuja zai zo da kwamfuta, amma ɗan Kutemeshi ne ya san hanyar da babur zai bi da damina, ya san rijiyar da ke janyewa da bazara, kuma shi mai unguwa zai gaya wa gaskiyar abin da ya sami famfonsa.

(KIƊAN RUFE SHIRI)