Shin Ko Kun San? Basirar Mutanen Niyandatal, Daga Fallowfield Zuwa Kogon Bruniquel

Da wuya a sami al'ummar da aka yi wa ƙazafin wauta kamar mutanen Niyandatal, waɗanda suka zauna a Turai da yammacin Asiya na ɗaruruwan dubban shekaru, suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. An daɗe ana zana su a littattafai a duƙe, da kulki a hannu, kamar ba su san gabas da yamma ba. Su kuwa ba su bar rubutu ba balle su kare kansu. Dutse da ƙashi da toka suka bari, kuma da masu tonon kufai suka yi wa waɗannan shaidu kallon tsanaki, sai labari ya sha bamban. Bari mu fara daga gida.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan masu tonon koguna na Birtaniya a nan unguwar Fallowfield ta birnin Manchester ya zauna? Sunansa William Boyd Dawkins, haifaffen Wales a 1837. Ya zo Manchester a 1869 ya zama mai kula da gidan tarihin birnin, daga baya ya zama farfesan ilimin duwatsu a Kwalejin Owens, wadda ta girma ta zama Jami'ar Manchester. Littafinsa kan binciken koguna, Cave Hunting, ya fito a 1874. Ya rasu a 1929.

Shin ko kun san cewa tun yana ɗalibi a Oxford ya fara? A 1859 ya soma tonon wani tsohon ramin kuraye a Wookey Hole da ke Somerset. Cikin ƙasusuwan kura da karkanda mai gashi da giwa mai gashi ya ci karo da duwatsun da hannun mutum ya sassaƙa. Wannan ya ƙarfafa hujjar cewa mutane sun yi zamani da dabbobin da suka ƙare a duniya. Masanan da suka zo daga baya ne suka gane cewa wasu daga cikin kayan nan aikin Niyandatal ne.

Shin ko kun san cewa idan kuka tashi daga Manchester da hantsi, kafin azahar kuna bakin kogunan da Niyandatal suka fake a ciki? Wurin shi ne Creswell Crags, wani kwazazzabo a kan iyakar Derbyshire da Nottinghamshire, inda Dawkins da wani limamin coci, Magens Mello, suka yi tono a 1875 da 1876. Kimanin shekara 50,000 da suka wuce maharban Niyandatal sukan yada zango a can. Dutsen ƙyastu mai kyau ya yi ƙaranci a yankin, sai suka koma ga duwatsun rafi masu tauri da dutsen tama, suka fitar da kaifi daga abin da ƙasar ta ba su. Wani kaso na abin da aka tono a Creswell yana ajiye a Gidan Tarihi na Manchester da ke Oxford Road, tafiyar 'yan mintoci a bas daga Fallowfield, kuma shiga kyauta ne.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ba a tono irin waɗannan kaya a ƙasar Fallowfield kanta? Fiye da shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin gaske ta rufe wannan yanki, ta kankare doron ƙasa, ta binne sauran da laka da tsakuwa. Koguna ne suka tsare amanar da aka ba su.

Shin ko kun san cewa haƙoran Niyandatal sun fito a arewacin Wales? A kogon Pontnewydd, wanda shi ma Dawkins ya bincika a shekarun 1870, tonon da aka fara a 1978 ya fito da haƙora 19 na yara da manya, masu shekara kusan 230,000. Iyalai ne suka kai har wannan ƙurya ta arewa maso yammacin Turai, inda babu rayuwa sai da wuta da sutura da dabara.

Shin ko kun san cewa Niyandatal sun yi gini a cikin duhun ƙasa shekara 176,500 da suka wuce? Wannan shi ne babban abin al'ajabi. A 1990 wani matashi ya buɗe hanyar wani kogo da ya daɗe a toshe kusa da ƙauyen Bruniquel a kudu maso yammacin Faransa. Can ciki, mita 336 daga bakin kogon, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, aka tarar da da'ira biyu da tsibi huɗu da aka jera da ginshiƙan dutsen nan masu tsirowa daga ƙasan kogo saboda ɗigar ruwa. Guntaye kusan 400 ne, nauyinsu ya haura tan 2. Babbar da'irar ta kai mita 6.7 a tsawo da 4.5 a faɗi.

Ba zube su aka yi ba. An karya ginshiƙan, an zaɓi masu tsawo kusan ɗaya, an ɗora su hawa-hawa har huɗu a wasu wurare, an cusa ƙanana a tsakani, an tokare wasu daga waje don kada ginin ya zube. A wurare 18 an ga alamar wuta. A 2016 Jacques Jaubert da Sophie Verheyden da abokan aikinsu suka bayyana shekarun ginin, bayan sun auna sinadarin yuraniyom da ke cikin ɓawon da ruwa ya lulluɓe guntayen da shi bayan an karya su. A wancan zamani Niyandatal ne kaɗai mutanen da aka sani a yankin.

Ku duba abin da aikin ya ƙunsa. Sai da mai riƙe wuta, da mai kawo makamashi, da mai karya dutse, da mai jerawa, kuma kowa ya san siffar da ake nufi tun kafin ta bayyana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda aka ga irin wannan haɗin kai, an ga shawara da tsari da fahimtar juna.

Shin ko kun san cewa sun yi gini a fili ma? A Molodova, bakin kogin Dniester a ƙasar Yukren, an sami da'irar ƙasusuwan giwa mai gashi mai shekara kusan 44,000, da murahu a cikinta, wadda masana da dama ke ganin tushen bukka ce ko katangar kare iska. A La Folie, kusa da Poitiers a Faransa, an gano ramukan dirkoki a jere cikin da'ira, da murhu da wurin sassaƙar dutse a ciki. A Abric Romaní na ƙasar Sifaniya kuwa murahu ne ɗaruruwa, wasu a gefen bango inda ake kwana, wasu a inda ake aiki. Kowane sashe na gida da amfaninsa.

Shin ko kun san cewa sun iya ƙyasta wuta? A Disamban 2025 masana ƙarƙashin jagorancin Gidan Tarihi na Birtaniya suka bayyana abin da suka tono a Barnham da ke Suffolk: ƙasar da wuta ta gasa, gatura na dutse da zafi ya fasa, da guntaye biyu na dutsen farait, wanda ke fitar da tartsatsi idan an buga shi da dutsen ƙyastu. Shekarun wurin kusan 400,000 ne. Dutsen farait yana da wuyar samu a yankin, alamar cewa da gangan aka kawo shi, kuma ana danganta aikin da Niyandatal na farko-farko.

Shin ko kun san cewa sun haɗa danƙo? Sukan gasa ɓawon bishiyar birch su tatso wani baƙin ruwa mai kauri, su manna kaifin dutse a ƙota da shi. An sami irinsa a Campitello na Italiya mai shekara kusan 200,000, da Königsaue a Jamus, da gaɓar tekun Holan. Wannan danƙo ba ya tsatsowa daga bishiya da kansa. Sai an sarrafa wuta da kyau, domin idan ta yi yawa ya ƙone, idan ta yi kaɗan ba ya fita.

Shin ko kun san cewa sun iya tufka? A Abri du Maras na Faransa an sami guntun igiya manne a jikin wani kaifin dutse, tsawonsa milimita 6 kacal, shekarunsa tsakanin 41,000 da 52,000, aka bayyana shi a 2020. Zare uku ne na cikin ɓawon itace, an murza kowanne ta gefe ɗaya, sannan aka haɗa su aka murza ta ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa zama kusa da dattijo yana tufkar rama a gindin bishiya ya san wannan ita ce ƙa'idar da ke hana igiya warwarewa. Mai igiya kuwa yana da hanyar yin tarko da jaka da ɗaurin rumfa.

Shin ko kun san cewa sun yi aikin fata? A 2013 aka bayyana wasu ƙasusuwan haƙarƙari da aka goge bakinsu ya yi sumul, daga Pech-de-l'Azé da Abri Peyrony a Faransa. Da su ake murza fata ta yi laushi da sheƙi, ta rage shan ruwa. Har gobe masu aikin fata a Turai suna amfani da kayan aiki mai wannan siffa.

Shin ko kun san cewa sun san halin itace? A Poggetti Vecchi na Italiya an tono sandunan haƙa masu shekara kusan 171,000, an yi su da itace mai taurin gaske, an babbaka su sama-sama don a ji daɗin kankarewa. A Lehringen na Jamus, a 1948, an sami mashin itace mai tsawon fiye da mita 2 tare da ƙasusuwan giwa.

Shin ko kun san cewa sun yi tanadin abinci? A Lynford da ke Norfolk, tonon 2002 ya fito da gatura na dutse fiye da 40 tare da ƙasusuwan giwaye masu gashi, shekara kusan 60,000. A Neumark-Nord na Jamus kuma, shekara 125,000 da suka wuce, sun riƙa farautar giwayen da suka fi na Afirka girma. A bakin tafkin wurin an ga inda suka farfasa ƙasusuwan manyan dabbobi aƙalla 172 don fitar da ɓargo da kitse. Naman giwa guda ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ko dai an tara jama'a, ko an san hanyar adanawa.

Shin ko kun san cewa sun yi jinya? A kogon Shanidar na Kurdistan a Iraƙi, Ralph Solecki ya tono wani mutum a 1957 wanda hannunsa na dama ya shanye, ya taɓa samun mummunan rauni a gefen ido, yana ɗingishi, kuma da alamar kurumta. Duk da haka raunukansa sun warke, ya kai shekarun da ake kira tsufa a zamaninsu. A duniyar zakoki da kuraye, wannan ba ya yiwuwa sai da masu ciyar da shi da tsaronsa.

Shin ko kun san cewa sun san ado? A Krapina na Kuroshiya an sami faratan gaggafa guda 8 masu alamar yanka da gogewa, shekara kusan 130,000, waɗanda ake ganin an yi abin ado da su. A kogon Einhornhöhle na Jamus an sami ƙashin wani ƙaton barewa da aka zana wa layuka a jere shekara 51,000 da suka wuce.

Shin ko kun san daga ina mummunan zanen nan na Niyandatal a duƙe ya samo asali? Bayan gano ƙasusuwan farko da suka yi suna a kwarin Neander kusa da Düsseldorf a 1856, an tono wani dattijo a La Chapelle-aux-Saints na Faransa a 1908. Masani Marcellin Boule ya siffanta shi a duƙe da ƙafafu a lanƙwashe. Da aka sake duba ƙasusuwan a shekarun 1950, sai aka ga ciwon gaɓoɓi ne ya addabi tsohon, kuma jama'arsa a miƙe suke tafiya. Ƙwaƙwalwarsu kuwa girmanta ya kai tamu, ta wasu ma ta ɗara.

Shin ko kun san cewa ba su ɓace gaba ɗaya ba? A 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa suka karanta ƙwayoyin gadon Niyandatal, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2022. An gano cewa mutanen Turai da Asiya suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na wannan gado. Binciken Jami'ar Princeton na 2020 ya nuna 'yan Afirka ma suna da ɗan kaso, kusan 0.3 cikin ɗari, wanda masu dawowa daga Turai da Asiya suka shigo da shi tun zamanin da.

Shin ko kun san cewa duk wannan ilimi ya samu ne saboda an bar kaya a inda suke har masana suka auna su? Guntun igiyar da bai kai ƙwayar wake ba ya isa ya wanke al'umma guda daga zargin wauta, amma da an kankare dutsen da yake jiki, shi ke nan. Niyandatal ba su zauna a Afirka ba, sai dai ƙasarmu ta asali cike take da nata shaidun. Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya haura shekara 8,000. Ga gumakan yumɓu na Nok, ga zanen duwatsun Birnin Kudu, ga alamun narkar da tama a Dutsen Dala. Da yawa irinsu ana fasa su a gona, ko a sayar wa dillalai su tsallaka teku ba tare da an rubuta inda aka same su ba. Duk abin da aka raba da ƙasarsa haka, an yanke masa harshe. Cikin 'ya'yanmu da ke karatu a Manchester da Birmingham, muna bukatar waɗanda za su koyi tonon kufai da awon shekaru, su koma Kano da Katsina da Maraɗi su yi wa kakanninmu irin adalcin da aka yi wa maginan Bruniquel.