Littafin da na'ura ta shirya, na wane ne?

Kusan kowace manhajar kwamfuta tana da littafin bayanin yadda ake aiki da ita, kuma da yawansu na'ura ce ke shirya su. Alal misali, manhajar Doxygen, wadda Dimitri van Heesch ya fitar a 1997, tana bin rubutun masu ƙirƙirar manhaja layi-layi, ta tsamo bayanan da suka bari a ciki, ta jera su shafi-shafi.

To, wa ke da haƙƙin mallakar littafin? Doxygen tana ƙarƙashin lasisin GPL, amma mai ita ya fayyace cewa lasisin bai shafi abin da ta fitar ba, domin littafin reshe ne na rubutun da aka ɗura mata. Ke nan izinin kwafa ko fassarawa yana hannun masu rubutun asali.

Shi kansa izinin yakan zo da sharaɗi. A 2006 ƴan ƙungiyar Debian suka kaɗa ƙuri'a cewa littafi mai lasisin GFDL ba zai shiga babban rumbunsu ba muddin yana da sassan da aka hana canzawa.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira, mai tsara jimloli da kanta. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce abin da na'ura ta ƙirƙira ita kaɗai ba ya samun kariya.

Don haka muke jan hankalin matasanmu masu son mayar da irin waɗannan littattafai zuwa Hausa: ku duba lasisin manhajar tukuna, kada wahalar watanni ta tashi a banza.