Kwalejin Oyo Da Ilmin Nakasassu: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata kwalejin horon malamai a garin Oyo, wadda ta sha bamban da sauran 'yan'uwanta. Aikin da aka ɗora mata shi ne horar da malaman da za su koyar da makafi da kurame da sauran nakasassu. Ɗalibanta da yawa su ma nakasassun ne, suna zama aji ɗaya da masu gani da masu ji, har su sami takardar shaidar malanta ta NCE.

Tun kafin a kafa kwalejin, ilmin nakasassu a Nijeriya ya tashi ne ta hanyar taimakon juna. 'Yan mishan ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Haka kuma wani kurma Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sa'an nan ya buɗe wata a Badun a 1960. Daga baya ne gwamnati ta shigo da ƙarfinta, ta ware wa wannan fanni sashe na musamman a cikin manufar ilmi ta ƙasa ta 1977.

To, me kwaleji irin wannan take bukata daga waje? Na farko littattafai. Makaho yana karatu da yatsu, ta hanyar rubutun Burel mai ɗigo shida, kuma littafi guda na masu gani yakan zama kundi da dama idan aka juya shi. Babu kwalejin da za ta iya wannan aiki ita kaɗai. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta juya littattafai domin makafi ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba. Abin da ya rage shi ne kamfanonin ɗab'i su riƙa miƙa wa irin waɗannan makarantu kwafen kwamfuta na littattafansu, don kada ɗalibi ya kai ƙarshen zango littafinsa bai iso ba.

Na biyu, makarantun da malaman za su je aiki. Maganar hannu da ake koyarwa a aji ta samo asali ne daga ta Amurka, alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni. Malamin da ya gama Oyo aka tura shi makarantar Tudun Maliki a Kano zai tarar da yara masu yin maganar hannun da suka tashi da ita a gida. In da akwai musayar malamai da ɗalibai 'yan gwajin koyarwa tsakanin wuraren biyu, tare da ƙungiyoyin kurame da sashen ilmin nakasassu na Jami'ar Bayero, da an rage wannan tazara.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne masu ɗaukar ma'aikata. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta umarci ma'aikatun gwamnati su ba nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma doka ba ta kai mutum ƙofar ofis. Sai kwaleji ta san hukumomin ilmi na jihohi, su ma su san ɗalibanta tun suna aji, su ga yadda makaho ke aiki da kwamfuta mai karanta masa rubutu da murya.

Uban da ya hana ɗansa makaho riƙe ƙoƙon bara, ya biya kuɗin mota daga Katsina zuwa Oyo shekara uku, maƙwabta sun zuba ido su ga abin da zai biyo baya. Idan yaron ya dawo ya kama aikin koyarwa, wasu iyayen za su fito da nasu 'ya'yan. Idan kuwa ya dawo ya zauna a zaure da takarda a aljihu, da wuya a sake tura wani daga wannan unguwa.