Facin Guringuntsin Kwatangwalo da Ƙwayoyin Jikin Mai Ciwo

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin cinya, inda yake juyawa cikin ramin kwatangwalo, kaurinsa 'yan milimitoci ne, ga santsi kamar an shafa masa yauƙin kuɓewa. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa idan ya ɓantare ba ya tsirowa yadda fata ke yi. Tun 1743 likitan nan na Birtaniya William Hunter ya lura da haka. Sai a 1987 Lars Peterson da abokan aikinsa a Gothenburg ta Suwidin suka gwada wata dabara: a yanko ɗan guringuntsi daga inda gaɓa ba ta ɗaukar nauyi, a reni ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji na wasu makonni har su hayayyafa, a mayar da su cikin ramin da ɓantarewar ta bari. Da yake na mai ciwon ne, jiki ba ya yaƙarsu. Sun bayyana sakamakon marasa lafiya 23 a 1994, duka a gwiwa.

A ganina faci ne mai kyau, amma faci sai a riga mai sauran ƙwari. Hujjar da ta taru ta gwiwa ce: amincewar da hukumar magunguna ta Amurka ta ba samfurin wannan dabara mai suna MACI a 2016 ta gwiwa ce kaɗai. Kwatangwalo kuwa gaɓa ce mai zurfi, tsoka ta kewaye ta, kuma yawancin rahotanninta na mutane kaɗan ne. Wanda ya fi cancanta shi ne matashi mai rami ɗaya da lafiyayyen guringuntsi a kewaye, galibi wanda ƙashinsa ke gugar bakin ramin kwatangwalo, matsalar da Reinhold Ganz na Bern ya fayyace a 2003. In ba a kankare tudun da ke gugar ba, facin ma zai tafi. Dattijon da amosanin gaɓa ya riga ya cinye masa guringuntsi, ƙwayoyin ba su da wurin kamawa.

Wani zai ce ina amfanin tiyata biyu da watanni a kan sanda, alhali kwatangwalon ƙarfe na nan tun zamanin likita John Charnley? Gaskiya ne ga mai shekara saba'in. Sai dai nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin ɗari na kwatangwalon ƙarfe ne ke kai shekara 25, wato ɗan shekara talatin zai iya komawa ƙarƙashin wuƙa, kuma sauyi na biyu ya fi wuya. Wani kuma zai ce a huda ƙashin kawai ɓargo ya cike ramin, ya fi arha. Haka ne, amma abin da ke tsirowa ya fi kama da tabo, ba ya jure nauyi a babban rami.

Masu sikila kuma kada a ruɗe su da wannan. Ciwonsu daga ƙashi yake farawa, jini ya daina kai wa kan ƙashin cinya har ya mutu. Abin da Philippe Hernigou ya gwada musu a Faransa daban ne: tataccen ɓargon mutum ake zubawa cikin ƙashin, tun kansa bai rufta ba.