Yawon buɗe ido da iyali: a bar rana guda ta hutu a tsakiya

Duk shekara in salla ta kawo jiki, ko kuwa in an ba yara babban hutun lakkwal, tashoshin mota na Birnin Ƙonni sukan cika maƙil da iyalai. Wasu daga Malbaza da Galmi suka fito, wasu daga Illela da Badagishiri, kowa riƙe da jaka da ƴaƴa sun sha ado. Da yawansu Yamai suka nufa, don yara su ga zaki da dorina, su hau lilo da motocin wasa. Wasu kuma sukan tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, ko su zarce Kano gidan namun daji na Audu Bako. Wannan abu ne mai kyau, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai akwai abin da muke ta gani yana maimaituwa: iyali su tafi lafiya lau, su dawo da yaro kwance, uwa ko tashi ba ta iya yi, ranar kasuwa ta wuce rumfa a rufe. Sau da yawa dalilin shi ne ba a bar rana ko ɗaya ta hutu ba a cikin tafiyar.

Lissafin ɗan kasuwa

Mun san abin da ke kawo haka. Ɗan kasuwa da lissafi yake kwana yake tashi. Mai sayar da albasar Galmi da ya rufe runfarsa, ko macen da ta bar tebur ɗin kayan miya a hannun maƙwabciya, kowane yini da suka yi a waje suna ganinsa kamar kuɗi ne ke zuba ƙasa. Saboda haka sai a ce tun da an biya kuɗin mota, to dole a ga komai cikin kwana biyu: yau gidan tarihi, da yamma bakin kogi, gobe wurin wasa, daga nan babbar kasuwa sarin kaya, da dare gaisuwar dangi gida huɗu, da asuba a kama hanya.

To amma lissafin bai cika ba. Daga Ƙonni zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne, ta Dogon Dutsi da Doso, awa shida ko fiye a cikin mota. Babba ma in ya sauka yana jin jikinsa, balle yaro ɗan shekara biyar da aka tayar tun kafin kiran salla. Shi kuwa gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, fili ne mai faɗin kusan hekta 24, kuma yawancin kallon a ƙafa ake yinsa, a sarari. Ga namun daji, ga ƙasusuwan manyan halittun dauri da aka tono a jihar Agadas, ga itacen Tenere da mota ta kayar a 1973 aka kawo shi nan aka ajiye, ga masu sana'ar hannu. Yini guda cur wurin yake ci, kuma ƙafa ce ke biya.

Rana ba ta san baƙo ba

Abu na biyu shi ne zafi. A shekarun nan salla tana faɗowa ne cikin bazara ko a bakinta: a 2025 an yi ƙaramar salla a ƙarshen watan Maris, babbar salla kuma a farkon Yuni. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40 da rana tsaka. Jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ruwa, kuma in wasa ya yi masa daɗi ba ya cewa yana jin ƙishi. Iyaye mata, ga alamun da za ku duba: yaro ya daina wasa ya yi lakwas, baki ya bushe, fitsari ya ragu ya yi ja, ido ya faɗa, yana kukan ciwon kai. In aka ga haka, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In da gudawa, a dama garin gishiri da sukari na likita, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In kuwa jiki ya yi zafi sosai, yana amai ko hankalinsa ya gushe, a garzaya asibiti nan take, kada a jira sai an dawo gida.

Masu zuwa lokacin babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, su kuma damina ce da sauro. A sa gidan sauro cikin kaya, don ba kowane masauki ne ke da na baƙi ba.

Sai barci. Likitocin yara sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 na barci a yini, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A gidan dangi kuwa hira takan kai tsakar dare, ɗaki a cike. Kwana biyu a haka, sai rigima da kuka su fara, uba ya yi tsawa, uwa ta yi fushi, tafiyar da aka kashe wa kuɗi don nishaɗi ta koma ɓacin rai.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai wani katafaren wurin wasa, Walt Disney World, da aka buɗe a jihar Florida a 1971, mai manyan filaye huɗu. Iyalai sukan yi mako guda a can bayan sun biya kuɗi masu yawa, amma waɗanda suka saba zuwa sukan ba sabbin zuwa shawarar su bar yini ɗaya a tsakiya ba tare da shiga ko'ina ba. Dalilinsu ɗaya ne da namu: yaron da ya gaji ba ya jin daɗin abin da aka biya masa.

Yadda za a tsara mako

Ga misali ga mai cin kasuwar Ƙonni ta ranar Laraba. Alhamis a yi hanya. Juma'a da sassafe a je gidan tarihi, bayan an tambayi lokacin buɗewa, a fito kafin rana ta take. Asabar a zauna gida. Lahadi a kai yara wurin wasa da la'asar sakaliya, in an so a biya ta gadar Kennedy su ga kogin Kwara. Litinin a dawo, Talata a huta a gida, Laraba a buɗe rumfa da ƙarfi. Mai cin kasuwar Badagishiri ta Alhamis sai ya matsa lissafin da kwana ɗaya. Da haka an yi yawo, ba a rasa kasuwa ko ɗaya ba.

Ita ranar hutun, hutu muke nufi. Yara su yi barci har su farka da kansu, su yi wanka, su ci abincin da suka saba, fura ko tuwo, ba kayan zaƙi da lemon kwalba ba. A wanke tufafi, a duba ƙafafu ko sabon takalmin salla ya yi ciwo. Kada a mai da ita ranar zagaya gidajen dangi; a buga waya, mai son ganinku ya zo ya same ku. In sarin kaya ya zama dole, mutum ɗaya ya je kasuwa da safe, a bar yara gida.

A nan muna da magana da maza. A irin wannan tafiya, mace ce ke goyo, ita ke shirya yara, ita ke shiga madafa ta taya matar gida aiki don kada a ce baƙuwa ta zauna. In maigida ya fice wurin abokai ya bar ta da yara biyar, to ita ba ta huta ba. Alhaji, ka zauna da su ko da awa biyu ne, Hajiya ta ɗan runtsa. Ita ma rumfa na jiranta.

Ta fuskar kuɗi ma, ranar hutu ita ce mafi araha a duk tafiyar: babu kuɗin shiga, babu na taksi, babu na kayan maƙulashe. Abin da za ta ci shi ne cefanen da za ku taimaka wa mai masauki da shi, a ce jika biyu ko uku. Ku auna wannan da kuɗin magani, da ƙarin ruwa, da cinikin Laraba guda da ya wuce, da abokin ciniki da ya tarar da rumfa a rufe ya koma wurin wani. Duk wanda ya iya lissafin riba da uwar kuɗi ya san inda ya fi sauƙi.

Wanda kwanakinsa ba su kai mako ba, to ya rage wuraren zuwa, kada ya rage hutun. Wuri ɗaya da yara suka gani cikin natsuwa ya fi huɗu da aka ja su a guje. Abin da ya rage a bar shi sai baɗi, in Allah ya kai mu. Zaki da dorina suna nan ba inda za su. Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya kuma ba da kasuwa mai albarka.