Abuja: Daga Dutsen Zuma Zuwa Gindin Aso

Matafiyin da ya taso daga Kaduna, kafin ya isa Zuba, dutsen Zuma ne ke fara yi masa maraba. Ƙato ne, ya tokare sama shi kaɗai a fili, kuma idan mutum ya ƙura masa ido zai ga kamar fuskar ɗan Adam a jikinsa, da idanu da hanci da baki. Hotonsa ne a bayan tsohuwar takardar naira ɗari. Da yawa sun ɗauka a Abuja yake, alhali a jihar Neja yake.

Hatta sunan birnin ma daga can aka samo shi. Abu Ja, ɗan gidan sarautar Hausawan Zazzau, shi ya kafa tsohuwar Abuja a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai tsohon garin ya sallama sunansa, ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991.

A tsakiyar birni, ƙubbar Masallacin Ƙasa mai ruwan zinari da hasumiyoyinsa huɗu su ne ke fara ɗaukar ido. Ranar da ta fi dacewa a gan shi ita ce Juma'a. Tun da hantsi 'yan kasuwa ke baje koli a kewayensa: zanna-bukar jere reras, turaren wuta, dabino, kilishi a naɗe cikin takarda. Da an sallame, ciniki ya kankama. Can gaba kaɗan ga Cocin Ƙasa, sai dandalin Eagle Square inda ake rantsar da shugabanni. Bayan su duka dutsen Aso ne, ya yi wa Majalisa da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa inuwa.

Abin takaici, baƙi kan gama zagayen nan ba su tuna da Gbagyi ba, waɗanda birnin ya tarar a ƙasarsu. Ya kamata a leƙa Ushafa, ƙauyen da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Har yau mata a can na gina tukwane da hannu, sana'ar da ta kai Ladi Kwali bayan takardar naira ashirin.