Kaset ɗin bikinku na lalacewa a cikin akwati

Daga Tasawa zuwa Mayahi, akwai gidajen da har yau ke ajiye da kaset ɗin bidiyo na biki ko suna. Abin kunna shi ne babu: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina tun 2016. Zafi da ƙura kuwa kullum cin zaren suke yi.

Masu situdiyo kan haɗa tsohuwar na'urar da kwamfuta, su juye hoton zuwa MP4. Kaset mai awa uku, awa uku zai ci. Duk wanda ya ce maka zai fito garau kamar fim ɗin yau, ya faɗa ne kawai. Faɗaɗa hoto ba ya dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Amma ko dishi-dishi ne, jikan da ke Libiya zai ga fuskar marigayiya kakarsa a WhatsApp.